Rabon Baba

A gidan mijina akwai kifin da ba a sayarwa. Duk ranar da ya dawo daga su, kafin dillalai su taɓa kwando, sai ya zaro mafi girma ya ajiye gefe. Wannan rabon Baba ne, surukina. Ko mai saye zai yi birgima a ƙasa, mijina ba ya ko kallonsa. Haka na tarar da su, kuma ni aka miƙa wa dafa shi, don uwar mijina ta rasu tun kafin in shigo gidan. Mu sauran jama'a ƙananan karfasa muke ci, masu ƙayar da sai ka yi addu'a kafin ka haɗiye. Baba kuwa giwan ruwa ne, tsoka zalla, daga shi sai kyanwarsa.

Ban taɓa jin haushin wannan ba, Allah ya sani. Baba mutumina ne. Shi ya raɗa mini suna Barkono, wai tun da na zo gidan aka daina sayen yaji, bakina ya wadatar. In na kai masa kwano sai ya ɗaga murfi ya shinshina, ya ce, "Yau da wa kika yi faɗa? Na ji romon ya yi zafi." Ni kuma in ce da shi na yi, a zuci.

Ciwon ya fara ne daga yatsu. Baba ya daina shiga ruwa da daɗewa, aikinsa ɗinkin taru a inuwar ƙofar ɗakinsa. Sai allura ta riƙa kuɓuce masa. Daga nan ya ce leɓɓansa sun yi nauyi kamar na aro. Tafiya ta koma tangaɗi, magana ta fara harɗewa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne idonsa: in kana gabansa sak yana ganinka, amma in ka tsaya gefensa, ko rawa kake yi bai san kana wurin ba. Aka kai shi asibiti, aka auna jini, ba zazzaɓi, ba ciwon sukari. Aka ba shi ƙwayoyi muka dawo.

A lokacin Auta tana gidan. Ƙanwar mijina ce, mijinta direban babbar mota, ya kawo ta ta zauna da mu saboda tana da ciki kuma shi ba mazauni ba ne. Da can ni da ita sai tsokana. Takan ce na mallake mata yaya, in ce ta zo ta ɗauki abinta, na gaji da wankin rigar da ke warin kifi.

Ranar da kyanwar ta mutu wasan ya ƙare. Da hantsi ta fito tsakar gida tana juyi wuri ɗaya, miyau na zuba, ta yi karo da turmi, ta faɗa cikin bahon wanki. Kafin azahar ta sandare. Auta ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu.

"Kyanwar nan dai ba ta cin komai sai abin da ya rage a kwanon Baba," in ji ta.

Ta juyo ta kalle ni.

"Kwanon Baba kuwa hannu ɗaya ke taɓa shi."

Na ce, "Auta, in magana ce da ke, ki fito da ita, ki daina zagaye kamar marigayiya kyanwar nan."

"Ni ban kira sunan kowa ba, matar Yaya."

"Me zan ci da mutuwar tsoho?"

Ta ɗaga kai ta kalli ɗakin Baba, babban ɗakin nan mai taga biyu da inuwa, ta sake kallona. Wai ɗaki! Ni da na yi shekara da shekaru ina sharar ɗakin nan, ina zubar da fitsarin mai shi tun da ƙafa ta ƙi. Raina ya ɓaci har na ji kunnuwana na zafi.

Daga ranar gidan ya canza. In ina girki sai mijina ya zo ƙofar kicin wai yana neman wuƙa, wuƙar kuwa tana ƙugunsa. In na fita sai in dawo in tarar an taɓa gwangwanin gishiri, an buɗe ƙullin kayan miya an ɗaure ba irin ɗaurina ba. Maƙwabciyar da kullum ke aikowa a sam mata romo ta daina aikowa. Ni ma ban zauna haka ba. Na zargi garin maganin da surukar Auta ta aiko wa Baba, na faki ido na juye shi a kwata. Na zargi rijiya, na zargi tukunya, na sayi sabuwa. Kowa na kallon hannun kowa, gaisuwa ma sai an auna ta.

Sana'ata bandar kifi ce, a bakin ruwa inda kwale-kwale ke tsayawa. Nan wata ma'aikaciyar lafiya ta same mu, da farar riga da ɗan almakashi, wai tana roƙon gashin kan masunta za a kai gwaji. Ta ce masu wankin zinare da ke can saman kogi suna aiki da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da suke murzawa da yashi don ya kamo musu zinare, kuma ragowarsa kogi yake bi. Mun san su sarai, su ne ma manyan masu sayen bandata. Amma ruwan namu garau yake, kana hango tsakuwa a ƙasa. Maza suka haɗa baki ba mai ba da ko sili ɗaya.

Mijina ya fi kowa ɗaga murya. "Yau gashi, gobe a ce kifinmu guba ne, jibi a hana mu ruwa. Wa ya aiko ki?"

Ta juyo wajen mu mata tana tambaya ko akwai mai jin leɓɓansa sun mutu, ko mai kakkarwar hannu, ko wanda ke gani kamar mai leƙe ta bututu. Matar nan ba ta taɓa ganin Baba ba, ga shi tana zana shi. Har na fara zargin ko wani ya kai mata gulmar gidanmu. Kafin ta ƙarasa maza suka taso da hayaniya, dole ta tattara jakarta. Da ta zo wucewa ta gaban murhuna na yi kamar ina gyara itace, na ce, "In mutum ba ya iya zuwa fa?"

"Ki yanko gashin daga ƙeya, dab da fata, kamar kaurin tsinken ashana. Ki kawo ƙaramin asibiti," ta faɗa ba tare da ta tsaya ba.

Ban yarda kifi ne ba. Ai duk gidan daga kogi ɗaya muke ci, don me zai zaɓi Baba? Amma ina neman duk abin da zai wanke ni, ko da almakashin baƙuwa ne.

Tun da ciwo ya kwantar da Baba ba a yi masa aski ba, furfura ta taru. Na bari ya yi barcin rana, na shiga da almakashin ɗinkina, na durƙusa a bayansa. Na yanka ke nan na ji salatin Auta a bakin ƙofa.

"Yaya! Yaya, zo ka gani da idonka!"

Kowa ya san abin da ake zargin mace da shi in an kama ta da gashin mutum a hannu, yana barci. Na ƙulle shi a bakin zanena, Auta na cewa in kawo, ina cewa sai dai a yanke hannun. Da mijina ya shigo na gaya masa gaskiya, ma'aikaciyar lafiya zan kai wa. Na zaci zai sauko. Sai fuskarsa ta ƙara ɗaurewa.

"Gara ma ki ce boka," in ji shi. "Boka mutum ɗaya zai kashe. Waccan kuwa duk bakin ruwa za ta kashe."

A ranar aka raba ni da kwanon Baba. Na kai gashin duk da haka. Ban sami matar ba, ta fita ƙauyuka, na bar wa abokiyar aikinta, aka ce sai an aika da shi birni.

Auta ta karɓi girki. Wai don ta tsare mahaifinta, ta kafa doka: ba abin da zai shiga bakinsa sai ta fara ci. Mijina kuma ya ƙara ƙaimi, ya ce jikin tsoho na son gini, ya riƙa nisa cikin ruwa yana neman manya. Baba ba ya iya haɗiye da yawa, loma kaɗan ya kau da kai. Sai Auta ta zauna gefensa, inda ba ya gani, ta share kwanon tas, tana cewa ai ba a zubar da rabon Baba, kuma mai ciki ba ta ƙin tsoka. Ina kallonsu daga ƙofar ɗakina kamar baƙuwa. Ciwo bai ragu ba. Na zaci wannan zai wanke ni, ashe ban san mutane ba. Cewa aka yi ai gashin yana hannuna, daga nesa nake aiki.

Makonni suka shuɗe kafin a aiko in je. Ma'aikaciyar ta zaunar da ni a benci, ta ce abin da aka samu a gashin tsohon ya yi yawa ƙwarai, zaiba ce.

Na ce, "Malama, duk kifi ɗaya muke ci. Ga ni garau."

"Iri ɗaya?"

Sai na tuna rabon Baba.

Ta yi mini bayani a hankali. Zaibar na kwanciya a laka, ƙananan halittu su ɗauka, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙananan. Ba ta fita daga jiki da sauri, taruwa take yi. Saboda haka babban kifi mai cin 'yan'uwansa, wanda ya daɗe a ruwa, shi ya fi kowa tara ta. Ba a ganinta, ba a jin warinta, wuta ba ta kashe ta, banda ba ta kore ta. Ta ce abin da ya lalace a jikin tsoho da wuya ya dawo, amma in an daina, ba za a ƙara masa ba.

"Akwai mai ciki a gidan?" ta tambaya. "Ita ce ta fi ba ni tsoro. Uwar na iya zama lafiya lau, abin ya sauka kan ɗan."

Ban san yadda na iso gida ba. A hanya farin ciki ya fara zuwar mini, ba zan ɓoye ba: ga shi an wanke ni. Kafin in kai ƙofa ya gudu, don na tuna hannun da ke zaro kifin nan daga kwando kullum.

Mijina yana ruwa, Auta ta tafi awo. Na shiga wurin Baba na durƙusa a gabansa sak, inda zai gan ni, na gaya masa komai. Maganarsa a harɗe take, amma ni na saba da ita.

"Na sani, Barkono. Ban san sunan abin ba, amma tun ranar kyanwa na san kifin ne. Kafin ƙafata ta ƙi, na ga zalɓe a bakin ruwa yana tangaɗi kamar ni."

"Ka sani, Baba? Ka sani ka bari ana kirana mayya?"

"Yaron nan tun bai kai tsawon filafilin tuƙa kwale-kwale ba ya kawo mini kifinsa na fari, a rungume, yana haki. Bai iya magana mai daɗi ba, kin san shi. Kifin nan shi ne gaisuwarsa. In ce masa da hannunsa ya yi mini wannan? Ba zai ƙara shiga ruwa ba. Ba zai ƙara zama mutum ba."

"Ni fa?"

"Ke zan wanke ki. Yau ke za ki dafa, in ci daga hannunki a gaban kowa. Wanda ya ƙara zarginki ya zarge ni. Nawa ya riga ya wuce, loma ɗaya ba za ta ƙara ni da komai ba."

Na gaya masa Auta ce ke cinye ragowar, a gefensa. Ya ce zai hana ta, kuma ai in ni na dafa ba za ta ko kusanci kwanon ba. Na fito ina jin kunyar kaina, don tayin ya yi mini daɗi. Ina son sunana. Ina son in ga Auta ta sunkuyar da kai, maƙwabciya ta sake aiko da kwano.

Da la'asar mijina ya shigo, shi da wani masunci suna ɗauke da giwan ruwa a kan sanda, wutsiya na jan ƙasa. Ban taɓa ganin irinsa ba. Rabon da in ga haƙoran mijina tun kafin ciwon nan, ran nan har da dariya. Maƙwabta suka biyo shi kallo, tsakar gida ta cika.

"Baba, ga naka! Wannan in ka ci sai ka tashi da gudu."

Aka fito da Baba kan tabarma. Ya sa hannu ya shafa bayan kifin, ya sa wa ɗansa albarka. Sannan ya ce, a hankali yadda kowa zai gane, "Barkono ce za ta dafa mini. Daga hannunta zan ci. Auta, ke kuma ba ruwanki da kwanona daga yau."

Mijina ya kalle ni, na ga kamar an sauke masa kaya. Shi ma ashe ya gaji da zargin. Ya zaro wuƙarsa ya miƙo mini da kansa.

Auta ta matso. "To ta dafa. Amma wallahi ni zan fara ci, kuma ba ɗanɗano ba, sai na ƙoshi. Ga ni ga cikina. In akwai wani abu a ciki, rai biyu ne a wuyanta."

"Na ce ba ruwanki," in ji Baba.

"Baba, bar ta ta ci," mijina ya ce. "In ta kwana lafiya magana ta mutu, kowa ya huta."

Za ta kwana lafiya kuwa, na sani. Ta tashi garau, a ce na fita, gobe a kawo wani a ce a ƙara. Wuƙa na hannuna, sunana na kwance a gabana, abin da ya rage in yanka in ɗora tukunya. Na kalli cikin Auta, ya turo riga har cibiya ta fito. Yarinyar nan ta ci mutuncina iyakar ci, kuma a lokacin ba na ƙaunar ko jin muryarta.

Na ajiye wuƙar. Na shiga kicin na ɗauko galan ɗin kananzir, na tuttule shi a kan kifin, daga kai har wutsiya, har cikin baki.

Mata suka sa salati. Wani ya ce ta haukace. Auta na ihu, "Kun gani! Ta san abin da ta shirya, ta ji zan ci ta fasa!" Ni kuwa na ɗaga murya sama da tata, don a wannan ba a fi ni ba. Na faɗi zaiba, na faɗi masu zinare, na faɗi abin da gashi ya nuna. Na ce ba a kicin ake sa gubar ba, da ita yake fitowa daga ruwa, kuma mafi girma shi ya fi ta. Na ce kyanwa rabon Baba ta ci, Baba rabon Baba ya ci, mu masu cin ƙaya ga mu tsaye.

Mijina bai yi ihu ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kalli kifin, ya kalli tafin hannunsa, ya je ya durƙusa a gaban mahaifinsa.

"Baba, gaskiya ne? Kai ka san ruwa. Kifina ne?"

Na zuba wa tsohon ido. Kalma ɗaya nake nema. Leɓɓansa suka yi ta rawa, hawaye na bin furfurar gemunsa. Ya ɗora hannu a kan ɗansa.

"Kifin ɗana bai taɓa cutar da ni ba."

Ina tsaye a gefensa, inda ba ya gani. Ban sani ba ko ya san ina wurin.

Ba wanda ya kore ni da baki. Amma bayan wannan ba zama, mace ta zuba wa abincin surukinta kananzir a gaban unguwa, shi kuma ya ƙaryata ta. Da gari ya waye na ɗaure kayana, na sauka bakin ruwa jiran jirgin da zai haye da ni wajen 'yan'uwana. Matan da muke banda tare kowacce ta sami abin yi a murhunta.

Ina zaune kan ƙullin kayana kwale-kwalen mijina ya iso. Ya fara juye taru. Cikin ƙananan akwai giwan ruwa guda, madaidaici, yana numfashi. Dillalai suka matso, sun san ba nasu ba ne. Ya ɗaga shi kamar yadda ya saba, ya riƙe shi a ƙirji ya daɗe. Sannan ya juya ya sake shi cikin ruwa. Ya ɗebi karfasa a ƙaramin kwando ya hauro, ya tsaya kusa da ni yana kallon ƙetare.

"In kin bi ta asibitin, ki ce wa matar ta zo ta yanki gashin Auta," ya ce.

"Ashe ka yarda."

Ya ci gaba da kallon ƙetare, ni kuma na ci gaba da magana.

"To ka hau ka faɗa musu mana. Ka faɗa a tsakar gidan da aka kira ni mayya."

"Ya riga ya yi magana a gaban mutane, Barkono. Ba zan mai da shi maƙaryaci yana raye ba."

"Sai yaushe ke nan zan dawo?"

Mu duka mun san amsar, kuma ba ɗan da zai iya furta ta game da ubansa. Ya gyara riƙon kwandon ya nufi gida, mai jirgi kuma ya ce in miƙo kayana.